Tayar Baya Ta Ƙi Fita: Amsoshin Tambayoyinku Kan Tsofaffin Babura

Tambaya daga Zariya: Mahaifina ya rasu ya bar Honda CG125. Shekara shida yana jingine a zaure. Ina so in tayar da shi, amma tayar baya ba ta juyawa, shaf ɗin kuma, wato sandar ƙarfen da ta ratsa tsakiyar wili, ya ƙi fita ko da na kwance noti. Ina tsoron in lalata abin da Baba ya bari.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa. Ɗana, kwantar da hankalinka, babur ɗin nan bai mutu ba. Abu biyu ne suka haɗu: takalman birki sun manne da cikin wili saboda daɗewa, tsatsa kuma ta haɗe shaf da boris (zoben ƙwallayen ƙarfe da wili ke juyawa a kansa) da 'yan ƙarafan da ke gefe da gefe.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton ɓangarorin biyu da wayarka. Sai ka kwance sandar birki da ƙarfen da ke riƙe farantin birkin, ka sassauta cen. Zuba WD-40, man feshin nan mai sassauta tsatsa, a duk inda shaf ya ratsa, safe da yamma, har kwana uku. Kada ka yi gaggawa. Ran na huɗu ka mayar da noti har ya yi daidai da bakin shaf, ka ɗora katako, sannan ka buga. In ka sa guduma kai tsaye, bakin zai baje, zaren ya mutu, shi ke nan ka ƙara wa kanka aiki. Wani ya tokare maka ɗaya gefen don kada ƙafar da ke riƙe tayar ta lanƙwashe. In ya ƙi duk da haka, a yanke shi da zarto ta wajen ƙarafan gefen. Samun shaf ya fi samun wili sauƙi nesa ba kusa ba. Birkin kuwa, idan taya ta sauka ƙasa ka bubbuga farantin da katako zai saki. Ƙurar ciki kada ka hura ta da baki, tsofaffin takalman birki da yawa da asbestos aka yi su, yana cutar da huhu. Goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Boris ɗin da ya sha wannan duka ya gama aiki, dole ka sake shi, kuma a nan ne mutanenmu ke cutar kansu. Mutum zai yi kwana uku yana lallaɓa shaf, sannan ya je kasuwa ya ce a ba shi mai araha. Kwalin yana ɗauke da sunan manyan kamfanonin boris irin su SKF ko NSK ko Koyo, abin da ke ciki kuwa jabu ne. Na taɓa tsayawa a rumfar wani bakanike aka fito da boris da bai yi wata guda ba: ƙwallayen sun watse a tafin hannunsa, sun yi shuɗi saboda zafi, gidan da yake zama a ciki ya cinye. Mai babur ɗin da matarsa da jariri yake tafe lokacin da tayar ta fara rawa. Nawa ya rage a cinikin? Bai kai kuɗin mai na kwana biyu ba. Abin nan yana ci mini rai matuƙa.

Ka karanta lambar da ke jikin tsohon, ka tafi da shi. Duba rubutun sabon, in ya dusashe ko ya karkace, ajiye. Juya shi da yatsa, in ka ji kamar da yashi a ciki, ajiye. In kuɗin ya yi ƙasa da yadda kowa ya sani, ajiye. Masu jabun ma sun ƙware yanzu, don haka ka sayi wurin wanda zai karɓi kayansa in sun ba da matsala. Wajen haɗawa ka shafa wa shaf giris, ka sa sabon fil a noti. Ban yarda a sa ƙusa a madadinsa ba.

Tambaya daga Gusau: Ni ma shaf ɗina ya ƙi fita, mai walda ya ce zai gasa wurin da wutar gas. In bar shi?

A'a, Malam, sai an cire tanki an kai shi nesa. Ko an cire ma ina tsoro, domin tsakiyar wilin alminiyom ne, ba ya yin ja kafin ya narke. Ga roba da taya kusa.

Tambaya daga Maraɗi: An ce ruwan batir yana cinye tsatsa. In zuba?

Wa ya gaya maka wannan? Zai ci tsatsa, ya ci ƙarfe, ya ci fenti, in ya fantsama ya ci idonka. Kada ka sake kawo wannan maganar.

Tambaya daga Kaduna: Ban sami WD-40 ba, kalanzir zai yi?

Zai yi, ɗan'uwa. Gauraya shi da ɗan man inji, ka ƙara masa kwana biyu a kan ukun da na faɗa.