Tambaya da Amsa: Gina Teburin Tseren Ƙananan Motoci Mai Siffar Filin Monako

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni kafinta ne a Aboabo, nan Kumasi. Na ga hotunan teburan da ake ginawa a ƙasashen waje, inda ƙananan motoci masu aiki da wuta suke tsere a kan hanya mai siffar filayen gasar Formula 1. Ina so in yi wa yarana da na maƙwabta irinsa, kuma filin Monako nake sha'awa. Aikin katako ba zai gagare ni ba, amma da wace manhaja zan zana hanyar, kuma shin wayata za ta iya ƙirga zagaye ta faɗi wanda ya ci?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Motocin da ka gani suna da ɗan harshe a ƙarƙashinsu wanda ke shiga tsagi a tsakiyar hanya, suna ɗaukar wuta daga jan ƙarfen da aka shimfiɗa a gefen tsagin. An fara sayar da irinsu da sunan Scalextric a Ingila tun 1957, kuma girman da aka fi samu shi ne wanda aka rage motar gaske sau 32.

Wannan adadi na 32 shi ne zai fara ba ka matsala. Tsawon filin Monako kilomita 3.337 ne, idan ka raba shi gida 32 za ka sami hanya mai mita 104, wadda ba za ta shiga ɗaki ba, balle ta hau tebur. Saboda haka masu wannan sana'a ba sa kwaikwayon filin baki ɗaya. Suna zaɓar wuraren da aka san shi da su, su gajarta miƙaƙƙen titin da ke tsakani. A Monako, abin da zai sa mai kallo ya gane filin shi ne kwanar nan mai lanƙwasa sosai da ke gaban otal, da hanyar ƙarƙashin gini, da gefen tashar jiragen ruwa. Ka buɗe Google Earth a kwamfuta ka ɗauki hoton filin daga sama, sannan ka zana naka a manhajar Inkscape, wadda kyauta ce, ka sa awon teburinka na gaske. Daga nan sai ka kai wa masu buga manyan takardu a Adum su fitar maka da shi daidai girmansa, ka manna a kan katakon ka bi layi da injin tsaga.

Akwai wani lissafi da ya kamata ka sani kafin ka yanka. Idan tazarar layuka biyu santimita 10 ce, motar da ke layin waje za ta yi tafiyar da ta fi ta ciki da kusan santimita 63 a kowane zagaye, kuma yara za su gane haka da wuri su fara rigima. Ko dai a riƙa musanya layi bayan kowane tsere, ko kuma ka zaɓi filin Suzuka na Japan, wanda hanyarsa ke haye kanta ta gada, abin da ke daidaita tsawon layukan. Da ni ne, Suzuka zan ɗauka.

Batun waya kuwa, za ta iya, amma ba yadda kake zato ba. Kyamarar waya kan ɗauki hoto 30 a daƙiƙa ɗaya, alhali motoci biyu suna iya wucewa kusan tare a tsakanin hoto da hoto, kuma hasken ɗaki yana rikita ta. Manhajojin waya masu inganci, irin su SmartRace, an yi su ne don hanyoyin roba na kamfani kamar na Carrera, waɗanda ke aika bayani ta Bluetooth. Ga teburin katako, hanyar da ta fi tabbas ita ce ka huda ƙaramin rami a kowane layi, ka dasa na'urar da ke jin haske a ciki, ka rataye ƙwan infrared, wato mai ba da hasken da ido ba ya gani, a samanta, ta yadda duk motar da ta gifta za ta tare hasken. Sai ka haɗa su da allon Arduino, wato ƙaramin allon lantarki da ke karɓar saƙo daga irin waɗannan na'urori, shi kuma ka jona shi da tsohuwar kwamfuta ta USB. Manhajar Race Coordinator, wadda ke aiki a Windows, za ta ƙirga zagaye ta nuna lokacin kowace mota.

Kada ka yi amfani da cajar laptop, domin yawancinsu volt 19 suke bayarwa, motocin kuma kusan volt 12 suke so. Akwatin wutar tsohuwar kwamfutar tebur yana ba da 12, sai dai ka sa fis a kowane layi. Katakon MDF, wanda ake yi da garin itace da aka matse, yana kumbura da damina, don haka ka shafe shi da fenti har cikin tsagin kafin ka manna jan ƙarfe, kuma a lokacin hunturu ka riƙa goge hanyar da tayoyin motocin kafin a fara wasa.