Abin sha na zuma daga tatsuniyoyin Girkawa

Tambaya: Ina haɗa abubuwan sha na zuma ina sayarwa, sai na karanta cewa masu yin giyar zuma a Turai suna ɗauko ɗanɗanonta daga tatsuniyoyin Girkawan da. Ni ba giya nake yi ba. Shin akwai abin da zan iya ɗauka daga waɗannan labarai ba tare da ya zama abin sa maye ba?

Amsa: Akwai, Malama, kuma a ganina abin da za ki samu ya fi na masu giyar kusa da asalin labaran. Gaskiya ne cewa a wata ruwaya Ziyus, babban abin bautar Girkawan da, ya bugar da mahaifinsa Kuronos da zuma kafin ya ɗaure shi, domin a lokacin ba a san giyar inabi ba. Amma abubuwan sha biyu da suka fi fitowa fili a labaran, babu wanda aka bari ya yi tsami a cikinsu.

Na farko shi ne melikaraton, wato zuma da aka dama da madara. Labarin ya ce an ɓoye Ziyus yana jariri a wani kogo na tsibirin Kirit, inda aka raine shi da nonon akuya mai suna Amaltiya da kuma zuma, kuma sunan Melissa, ɗaya daga cikin masu renonsa, ma'anarsa ƙudan zuma a harshen Girka. Saboda haka idan kina son haɗin da zai ɗauki sunan wannan labari, nonon akuya ya fi dacewa da shi a kan na saniya, ki ɗumama shi kaɗan, ki sauke, sannan ki zuba zumar. Kada ki tafasa zuma, domin ƙamshin furen da ke cikinta yana tafiya da tururi, ya bar miki zaƙi kawai irin na sukari.

Na biyu, wanda ni na fi so, shi ne kukiyon. Lokacin da Dimita, abar bautarsu ta noma, take yawon neman 'yarta Fasifoni da aka sace zuwa ƙarƙashin ƙasa, ta isa garin Ilusis da ke kusa da Atina, aka miƙa mata jar giyar inabi ta ƙi karɓa, ta ce a dama mata garin sha'ir da ruwa, a sa wani ganye ɗan dangin na'a-na'a. Abin sha ne na mai baƙin ciki da ta daɗe ba ta ci ba, shi ya sa bai kamata a cika shi da zaƙi ba. Ki soya sha'ir sama-sama har ya fara ƙamshi, ki niƙa, ki dama da ruwa, ki tace, ki sa zuma daidai yadda za ta rufe gafin hatsin. A nan akwai gargaɗi da ba na so ki wuce shi: ainihin ganyen da labarin ya ambata yana lahanta hanta, kuma yana da haɗari ga mai juna biyu, don haka na'a-na'ar da aka saba sha ita za ki sa. Idan kika ƙara ruwan rumman kin shigo da labarin Fasifoni cikin haɗin, tunda ƙwayar rumman da ta ci ce ta sa dole ta riƙa komawa ƙarƙashin ƙasa wani sashe na kowace shekara.

Daga likitocin Girkawa kuma akwai oksimel, haɗin zuma da khal (wato binega), wanda likitocin Musulmi irin su Ibn Sina suka sani da sunan sakanjabin. Cokali biyu na zuma da ɗaya na khal a kofin ruwan sanyi mafari ne mai kyau.

Kuskuren da nake yawan gani shi ne a zaɓi suna tukuna, sannan a tara kayan ƙamshi biyar ko shida a ce an yi haɗin wane. Labarin kowane ɗaya daga cikin masu sunayen abu ɗaya ko biyu ya ambata, kuma su ya kamata harshe ya fara ji. Ita kanta zumar tana da rawar da take takawa: wadda Girkawa suka fi yabo ita ce ta dutsen Himetos da ke gabas da Atina, inda ƙudan zuma ke kiwo a furen tayim. Idan ba ki same ta ba, ki jiƙa ɗan ganyen tayim a ruwan ɗumi, ki tace, ki dama zuma marar duhu da shi.

Game da maye kuwa, abin lura shi ne ruwa. Zuma mai kyau ruwan da ke cikinta bai kai kashi 20 cikin 100 ba, shi ya sa take shekaru ba ta lalace ba, amma da zarar an sirka ta, ƙwayoyin yis da ke cikinta sukan farka su fara mai da sukarin barasa, kuma a lokacin zafi wannan ba ya ɗaukar kwanaki da yawa. Ki haɗa iya abin da za ki sayar a ranar, ki ajiye a firji, kuma ki sanar da masu saye cewa ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma. Duk gorar da kika ga ta kumbura, ko ta yi huci da kumfa lokacin buɗewa, ta riga ta fara juyawa, sai ki zubar da ita.