Amsa ga ɗan'uwan da ke neman nau'in harsashi ɗaya da zai ishe shi farauta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun daren jiya na ga tambayar nan, amma na kasa cewa komai sai yanzu da na dawo daga sallar asuba, don ta fama mini wani tsohon miki.

Ɗan'uwa, ka ce raifal ɗaya kake son mallaka wadda za ta ɗauke maka komai, tun daga gada har gadu, kuma hankalinka ya rabu tsakanin masu cin harsashin .308 da .30-06 da .375, saboda su ka fi ganin ana yabawa a YouTube. Wallahi kamar ni ne na rubuta tambayar nan shekara goma sha uku da suka wuce. Ni dai ban samu wanda ya zaunar da ni ba.

Biyun farko ka cire su daga ranka tun yanzu. Ba don ba su da kyau ba. Ba'amurke yana da gaskiya in ya yabi .30-06, tun 1906 suke harbi da ita, .308 kuma tun 1952, kuma a kowane kanti na ƙauyensu akwai harsashinsu. Amma mu a Najeriya muke. Dokar Makamai ta 1959 ta jera 7.62mm da 9mm da .300 da .303 a cikin bindigogin soja da aka haramta, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da izininsu. To .308 ai 7.62 ce, .30-06 ma 7.62 ce, kwanson ne kawai ya fi tsawo. Raifal ɗin farauta da Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi ita ce wadda bakinta bai faɗa cikin waɗancan ba. Kuma ka tuna a watan Agustan 2023 an sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, don haka kafin ka ƙirga wa kowa kwabo, je hedikwatar 'yan sanda da ƙafarka ka ji inda maganar ta kwana. Duk wanda ya ce maka ka fara karɓar bindiga takarda za ta biyo baya, ba masoyinka ba ne.

Saura .375. Ita ce ta kusa sa ni kashe mutum.

Wanda ya sayar mini da ita ba zan kama sunansa ba, wasu dattawan dandalin nan sun san shi. Abokin mahaifina ne, tun ina yaro nake ce masa Baba, a gidanmu yake cin tuwon sallah. Ya kira ni ya ce akwai bindigar wani Baturen kuza da ta daɗe a hannunsa, takardunta cif, kuma ba ya son ta tafi hannun bare. Ya ce, "Ɗana, wannan in ka riƙe ta ka gama sayen bindiga a duniya, daga gada har ɓauna ba abin da zai tsaya maka." A wannan bai yi ƙarya ba. Kamfanin Holland & Holland na Landan ne ya fito da harsashin a 1912, kuma har gobe shi ne mafi ƙanƙantar abin da wasu ƙasashen Afirka ke yarda a tunkari ɓauna da shi. Abin da ya ɓoye mini shi ne, ni ina zan ga ɓauna? Na sayar da shanuna biyu na ba shi. Ya haɗa mini da harsashi goma sha takwas a wani tsohon kwali, ya dafa kafaɗata ya ce duk ranar da suka ƙare yana da mutum a Legas. Har yau ban ga mutumin nan na Legas ba.

Ranar da na fara gwada ta, a wani tsohon ramin kuza ne bayan Bukuru, na sa kwali a jikin tudun ƙasa. Harbin farko ta dawo da baya, madubin hangen ya sare mini gira, sai da aka yi mini ɗinki. Tabon yana nan. Amma ba tabon ne ɓarnar ba. Tun daga ranar jikina ya koyi tsoronta. Da na ɗora yatsa a kunama sai idona ya runtse da kansa, kafaɗata ta noƙe kafin ma ƙarar ta fito. Maganin wannan ciwo shi ne yawan gwaji, ni kuwa harsashi goma sha bakwai gare ni, kowane ɗaya ina lallaɓa shi kamar ƙwai. Haka na shiga daji da bindigar da ban sani ba, kuma nake tsoro.

Cikin Disamba ne, hazo ya sauka, muka gangara wajen Dengi ta ƙasar Kanam ni da wani tsohon maharbi da ya san dajin kamar tafin hannunsa. Adaka ce a kafaɗarsa, da karensa ɗaya ja, wanda ya ce shekara shida suna tare. Da hantsi, a bakin wani rafi mai duhuwa, mazo namiji ya fito, bai fi taku saba'in ba, ya ba ni gefe. Ko yaro aka ba wa ƙaramar raifal .243 zai kayar da shi a wurin. Na yi bisimilla, na runtse ido, na fizgi kunama. Na ji ya yi wannan haushin nasu ya faɗa duhuwa. Da muka isa wurin, tsohon ya duƙa ya shafo jinin, ya ga haɗe yake da koren abin da ke cikin tumbi. Bai ce komai ba, ya dai dube ni. Ashe a ciki na sami mazon.

Mun bi sawun nan tun hantsi har bayan la'asar. Duk inda ya kwanta ya tashi sai mu tarar da jini. Kun san mazo in ya ji ciwo ba gudu kawai yake yi ba, yakan juyo. Karen ya riga mu shiga wata sarƙaƙiya, muka ji kukansa sau ɗaya. Da na kutsa, ga mazon a tsaye, taku goma tsakaninmu, yana rawar jiki, ga kare a ƙasa ƙaho ya farke masa ciki. Na ɗaga bindiga, na ja kunama, sai na ji ƙas. Ba ta tashi ba. Na sauke ta daga kafaɗa, na juyo zan ce wa tsohon ya harba da tasa, ina cikin juyowar ta tashi. Harsashin ya haƙe ƙasa bai fi kamu ɗaya daga ƙafarsa ba. Tsakuwa ta fasa masa ƙwauri. Da na ƙara juyowa da ɗan yatsa biyu, da yanzu wani labarin ake yi, mutum mai 'ya'ya tara.

Na zauna a ƙasa ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Shi kuwa ya wuce ni, ya cire rigarsa ya naɗe karen, ya rungume shi. Kafin mu kai bakin hanya karen ya mutu a hannunsa. Abin da kawai ya ce mini a duk tafiyar nan shi ne, "Alhaji, wannan bindigar ba taka ba ce." Washegari ungulu ne suka nuna mana inda mazon ya faɗi. Ya zama mushe, ba mu ci ba, ba mu bar shi ya rayu ba, mun dai azabtar da shi kwana guda. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa da yanka. Na san hadisin nan tun ina makarantar allo, amma ranar ce na ji nauyinsa.

Da na dawo Jos ban ko shiga gida ba, na wuce wajen Baban nan. Na faɗa masa komai, har da ƙafar tsohon. Yana kishingiɗe yana jan carbi ya ce, "Bindiga ba ta laifi, sai dai mai riƙe da ita." Ko sannu bai ce ba. Daga baya wani da ya san gidan ya gaya mini kwalin nan ya shekara da shekaru a ɗakin ajiyar da ke yoyo duk damina, kuma ya sani, don shi da kansa ya daina harbi da su. Na duba sauran, ga kore-kore a gindin kwanson. Harsasan sun girme ni. Kuɗin shanu ban taɓa jin zafinsu ba kamar yadda na ji zafin cewa mutumin da ya ɗauke ni ina jariri ya san abin da ke cikin kwalin ya miƙa mini yana murmushi. Muna gaisawa a masallaci har yau, don zumuncin mahaifina. Zuciyata dai ba ta koma ba.

Don Allah kowa ya riƙe wannan: in ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka motsa bakin bindiga daga inda yake, kada ka buɗe ta. Ka ƙirga minti guda cur tukuna.

To me za ka saya? Ni yanzu .270 Winchester nake riƙewa, shekara tara ke nan. Daɗaɗɗen samfurin harsashi ne, tun 1925 yake, dalmarsa ba ta kai giram tara ba, ta .375 kuwa ta haura giram goma sha tara, dukan kafaɗarta kuma ya ninka na .270 sau biyu har da ɗoriya. Dalmar .270 tana fita da gudun mita 900 da wani abu a daƙiƙa, don haka daga nan zuwa taku ɗari biyu ba ka da wani lissafi, inda ka sa nan za ta je. A fili irin namu na saman dutse, inda dabba ke hango ka tun daga nesa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gadu, mazo, kwanta-rafi, duk ta ishe su. Aibinta ɗaya, a kusa tana ɓata naman ƙaramar dabba, in ka sami gada a kafaɗa rabin gaban ya tafi. In ka ci karo da 7x57 Mauser mai lafiya, wadda Ingilishi ke kira .275 Rigby, ita ma kada ka raina ta, ta fi sanyin duka, ta fi barin nama. Ita .243 daɗin harbi gare ta, amma dalmarta ba ta da nauyi, ga ƙaton gadu ba na sakin jiki da ita.

Amma duk wannan surutu ne in ba ka da inda za ka sami harsashin. Ka fara zuwa wajen dillali mai rajista ka tambaye shi wanne yake kawowa a kai a kai, ba wanda ya taɓa kawowa ba, sannan ka nemi bindigar da ke cin sa. Ni na yi akasin haka. Kuma ka sayi mai kan dalma a buɗe, wanda ke bajewa in ya shiga. Mai rufaffen kai na tagulla huda kawai yake yi ya wuce, dabba ta tafi da ciwo. Kowane harsashi ka juya gindinsa ka karanta, ya yi daidai da rubutun da ke jikin bututun bindigarka. Na .308 yana iya shiga ɗakin .270 ya rufu, alhali dalmarsa ta fi bakin faɗi, in ka harba bindigar a fuskarka za ta fashe. Kada ka karɓi harsashi a leda daga hannun kowa, ko da ɗan uwarku ɗaya ne.

Kuma in gaya maka gaskiya, ƙanena, zauna ka lissafa abin da ka kawo gida a shekara biyun nan. In zabbi ne da fakara da zomo da gyazbi, sai gada jefi-jefi, to ba raifal kake buƙata ba. Bindiga mai baki biyu lamba 12 ta fi maka, ƙananan ƙwaya don tsuntsu, manyan ƙwaya, AAA ko SG, don gada a taku talatin. Ni kaina sau huɗu nake fita da ita kafin in ɗauki raifal sau ɗaya. Ban ce famfo ba, wato pump-action, ita a dokar ba ta cikin waɗanda ake ba mutum a matsayin bindigar kansa. Harsashin raifal yana wuce kilomita uku in bai sami abin da ya tare shi ba, kuma dajin Filato yanzu ba inda babu mutum, ga makiyayi, ga mai haƙar kuza, ga mata masu itace. Ga duwatsu da ke mayar da dalma inda ba ka nufa ba. In ba ka ga ƙasa a bayan dabbar ba, bar ta ta tafi.

Abin da ke ci mini rai ma, wai me ya rage a dajin? Mahaifina yana ba mu labarin gwanki da kanki a ƙasar Wase, 'ya'yana kuwa sai na kai su gidan namun daji na Jos suke ganin irin waɗannan. Muna ƙona daji, muna haska fitila da dare muna kashe mai ciki da mai shayarwa, wasu har gandun dajin Pandam da na Yankari suke tsallakawa alhali sun san haramun ne. Sannan ga hanya. Bayan abin da ya sami 'yan'uwanmu mafarauta goma sha shida a Uromi ta jihar Edo cikin Maris ɗin 2025, Allah ya jiƙansu, ba na fita da bindiga sai tana cikin jakarta, ba harsashi a ciki, lasisi na asali a aljihun gaba, kuma Sarkin Bakan inda za ni ya san da zuwana. A garin nan namu ba sai an yi wa kowa bayanin dalili ba.

Ita .375 ɗin na miƙa ta ma'ajiyar 'yan sanda da sauran harsasan, ban yarda in sayar wa wani ita ba. Tsohon nan na Dengi na kai masa ɗan kwikwiyo bayan wata biyu, ya karɓa, amma bai sake fita daji da ni ba har Allah ya yi masa rasuwa.

Ka rubuto mana wane daji kake shiga, wace dabba ka fi samu, da nisan da ka saba harbi, kuma ko ka taɓa harba raifal ko kuwa mai baki biyu kawai ka sani. In kana cikin Jos, ka yi mini magana ta akwatin saƙo, ka zo gida bayan la'asar ka ɗaga .270 ɗin ka ji nauyinta a kafaɗarka kafin ka yanke shawara.