Kafin Ka Sayi Sabuwar Saba, Ka Auna

Tambaya: Rahotonmu na ƙarshen wata a SSRS (manhajar Microsoft mai haɗa rahoto daga rumbun bayanai na SQL Server) yana cin minti 12 kafin ya buɗe. Oga ya amince a sayi sabuwar saba (server, kwamfutar da ke riƙe da bayanai). Wacce zan ɗauko? — Ma'aikaci, Zariya

Malam, kada ka ɗauko ko ɗaya tukuna. Wannan ɗabi'ar tana ci mini tuwo a ƙwarya: da zarar rahoto ya yi nauyi sai a nufi kasuwa, ga dala yadda take, ga kayan tokumbo da ake sauya wa kwali a kira su sababbi. Ba wanda ya auna komai. Buɗe ReportServer, rumbun bayanan SSRS, ka duba ExecutionLog3, inda ake nuna lokacin da kowane rahoto ya ci. Akwai TimeDataRetrieval (lokacin ɗauko bayanai) da TimeProcessing (lokacin sarrafa su) da TimeRendering (lokacin fito da shafin), duka a milisakan. Idan na biyu ne ya kumbura, umarninka na SQL mai ɗauko bayanai yana turo layuka dubu ɗari-ɗari, rahoto na tattara su ya nuna shafi biyu. Yi tarawar da GROUP BY cikin ajiyayyen umarnin (stored procedure), ka tace kwanan wata a WHERE, ka daina amfani da SELECT *. Idan na farko ne, duba fihirisar teburan (index). Sannan ka tabbatar da bugun SQL Server da kuke kai: Express 2019 ba ya ba ma'ajiyar shafukansa (inda yake riƙe bayanai a RAM, ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) fiye da MB 1,410, ko ka cusa wa sabar RAM mai GB 64. Kuɗin RAM ɗin sun tafi a banza ke nan.

Tambaya: A SSMS (manhajar da ake rubuta umarnin SQL Server a gwada shi) umarnina daƙiƙa 3 ne, a rahoto minti 5. Sabuwa ce ni a aikin, ina tsoron ni na ɓata. — Daga Maraɗi

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, wannan na kama tsofaffin hannu ma. SQL Server yana tsara hanyar aiki bisa ƙimar da aka fara ba shi, kamar kwanakin da aka nema, ya ajiye tsarin don gaba. Tsarin da ya dace da kwana ɗaya sai ya durƙusa a kan shekara guda. SSMS kuma yana kunna wani saiti mai suna ARITHABORT, manhajar rahoto ba ta kunnawa, shi ya sa kowa da tsarinsa. Sa OPTION (RECOMPILE), mai sa a sake tsari duk lokacin aiki, a sashen umarnin da ke da nauyi kaɗai. Kada ki share ajiyar tsare-tsare ta saba ana tsakiyar aiki.

Tambaya: Umarnina yana dawo da tebur biyu, na farko kawai ke fitowa. In sayi wata manhaja?

Haba! SSRS na farkon kaɗai yake karantawa. Raba umarnin gida biyu, kowane da nasa saitin bayanai.