Fitilar ƙaramar mota ba tocila ba ce

Wata ƙanwata ta rubuto hankalinta a tashe, wai ta yi sati uku tana haɗa ƙaramin samfurin mota na ado 'yar sikeli 1:24 (wato girmanta kashi ɗaya cikin 24 na motar gaske), ta manna gilashin fitilun gaba da supa gulu, da gari ya waye sai ta tarar ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari, shin ta ɓata aikin ke nan?

Kwantar da hankalinki, ba ki ɓata ba. Tururin gam ɗin ne yake sauka a kan gilashin, wanda na roba ne, ya bar wannan hazon. Ki ciro gilashin a hankali, ki goge shi da sanfefa mai laushi sosai da ɗan ruwa, sai ki shafa masa fenti marar launi mai sheƙi, zai dawo garau. Nan gaba ki yi amfani da farin gam na katako, ki ɗiga shi da bakin tsinke, in ya bushe ba a ganinsa.

Wani kuma cewa ya yi in faɗa masa wace LED, wato ɗan ƙaramin ƙwan lantarki, ce ta fi haske ya saya ya saka a fitilar motarsa.

To malam a nan muka raba hanya. Kullum sai na ga mutum ya zuba kuɗi ya sayo LED mafi ƙarfi, ya kunna, haske ya ratsa bonet da bamba da ƙasan mota gaba ɗaya, motar da aka sha wahala a kanta ta koma abin wasan yara. Abin da ke sa fitila ta yi kama da ta gaske kwanon da ke bayan ƙwan ne da kuma gilashin, ba ƙarfin wuta ba. Ka fara shafa baƙin fenti a bayan kwanon har sau biyu don kada haske ya zurare, cikinsa kuma ka sa fenti mai ƙyallin azurfa. Sannan ka duba shekarun motar, tsohuwar mota mai ƙwan halojin haskenta ruwan ɗorawa-ɗorawa ne, in ka saka mata fari mai shuɗi-shuɗi irin na motocin yanzu ka gama da ita. LED ƙarama 0603 ta wadatar, ita ce milimita 1.6 a tsayi, ka nemi wadda aka riga aka liƙa mata siririyar waya don ka huta da aikin dalma. Kuma don Allah kar ka tsallake resista, ɗan abin da ke rage ƙarfin wutar da ke shiga ƙwan! Farar LED kamar volt 3 take ci, in batirinka mai volt 9 ne ka sa resista mai om 1000, hasken zai fito daidai kuma ba za ta ƙone ba. Waɗannan ƙunshin masu araha da ba sunan kamfani a jiki kuwa, ka gwada kowace ɗaya kafin ka manna, don sau da yawa a leda ɗaya za ka samu wata fara wata ja-ja, kuma bayan ka rufe jikin mota ba gyara sai ɓalla.

Mai tambayar ko zai iya jona fitilun kai tsaye a soket ɗin bango, a'a. Ban ma so ka gwada ba.

Na ƙarshe ya ce motarsa 'yar 1:64 ce, ba wurin waya. Ɗan'uwa ba dole sai ta kunnu ba. Ka rarake gurbin kaɗan, ka liƙa ɗan ƙyallen foyil a ciki, ka ɗiga rezin, wato ruwan roba garau mai bushewa da hasken fitilar UV, kaɗan-kaɗan har ya yi tudu, ka sa safar hannu don yana cin fata. In kuma ka nace sai wuta, batir mai kamar kwabo CR2032 yana bada volt 3, amma ka rufe shi da sukuru in akwai yara a gida, don in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan, sai an garzaya asibiti nan take.