Tambayoyinku: Ta ina zan fara koyon wasan majong?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Yayana ne ya dawo daga Chana ya kawo min tsarabar akwatin majong, na buɗe naga ƙwayoyi rututu da rubutun Sinanci, wallahi na rasa ta inda zan fara. Dan Allah a taimaka min.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar rubutun nan ya firgita ki, wasa ne mai daɗi da Sinawa suke yi tun ƙarni na 19, kuma in kin iya karta to kin yi rabin tafiya. Mutum huɗu ake bukata.

Fara da zube ƙwayoyin ki ware su gida-gida tukunna, gaskiya nan ne aikin yake. Yawanci 144 ne. Gida uku ne manya, masu ɗigo-ɗigo, masu sandar gora, da masu rubutu, kowane gida daga 1 zuwa 9 kuma kowace lamba guda huɗu ce, kinga 108 kenan. Sai iskoki huɗu, gabas, kudu, yamma da arewa, su 16, sai dodanni ja, kore da fari su 12, ragowar 8 ɗin furanni ne da lokutan shekara, ni shawarata ki aje waɗannan gefe sai hannu ya faɗa.

Za ku kife su ku cakuɗa ku jera kamar katanga hawa biyu, kowa ya ɗau 13, mai rabo wanda ake kira Gabas ya ɗau 14. In layi yazo kanki ki ɗauki ɗaya daga katanga ki yar da ɗaya, a haka ake zagayawa ta hannun dama.

Abinda kike nema shine ƙungiya huɗu da tagwaye ɗaya. Ƙungiya ko dai uku iri ɗaya sak, ana ce mata pung, ko uku a jere cikin gida ɗaya kamar 3, 4, 5 na gora, wato chow. Huɗu iri ɗaya kuma kong ne, sai ki ɗauki ƙari ɗaya. Inda sabbin shiga suke yawan kuskure, in ƙwaya ɗaya ta rage ki cika pung kina iya ɗaukar wadda kowa ya yar, amma chow sai daga na hagunki kawai, kuma in an haɗu mai pung ne a gaba.

Lissafin maki kam ki bar shi tukun, don na Hong Kong daban, na Japan daban. Ku yi zagaye biyu uku kowa ƙwayoyinsa a buɗe, kuna gyara wa juna.