Amsa: Wane ƙaramin jirgi maras matuƙi ya dace da Baba?

Ɗan'uwa, ka ce Baba yana wurinka a Amurka, ba ya bari ƙwallon kwandon jami'o'i ta wuce shi, kuma tunda kakar ke ƙarewa a farkon Afrilu yana son ƙaramin jirgi maras matuƙi ya riƙa ɗebe kewa. Ka saya masa, Allah ya yi maka albarka.

Nemi wanda nauyinsa bai kai giram 250 ba, irin DJI Mini. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, FAA, ba ta neman a yi wa irinsa rajista muddin don nishaɗi ake tashi da shi. Amma jarrabawar TRUST, wato ta ƙa'idojin kiyaye haɗari ga masu tashi da jirgin don nishaɗi, dole ce. Kyauta ake yin ta a intanet, ku zauna ku yi tare. Kada ya haura ƙafa 400, kuma kada jirgin ya ɓace wa idonsa.

Abin da na fi duba wa dattijo shi ne GPS. In ya saki sandunan rimot, jirgin zai tsaya cak a iska har ya gyara tabarau. In batir ya yi ƙasa ko sigina ta yanke, da kansa zai koma inda ya tashi. Masu arha na kantin kayan wasan yara galibi ba su da wannan, iska kaɗan sai a tsince su a kan bishiya. Batir ɗaya kusan minti 30 yake yi, ka ƙara masa na biyu.

Ka kuma ja masa kunne kan manyan filayen wasa: lokacin wasan ƙwallon Amurka na manyan jami'o'i an hana tashi kusa da su, haka ma kusa da filin jirgin sama sai da izini.